Yadda Malaman Jami'a Suka Bi Sawun Kurkunu Har Bakin Tafki

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya tashi a ƙauye kafin 1990 ya san kurkunu. Da damina ta sauka, lokacin da ake neman kowane hannu a gona, sai ka tarar da magidanci kwance a zaure, ƙafa ta kumbura, ana naɗe tsutsa a jikin tsinke kaɗan-kaɗan. Wata takan kai tsawon mita guda. Mutanenmu da yawa sun ɗauka jifa ne, wasu kuwa su ce jijiya ce ta lalace.

To, masana sun daɗe da sanin cewa cutar a ruwan sha take. Akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwari a cikin ruwan tafki masu haɗiye 'ya'yan tsutsar. Mutum ya sha, sai bayan kamar shekara guda ta fasa fata. In ya tsoma ƙafar a tafki don ya ji sanyi, watau ya sake zuba wa garinsu iri ke nan.

Abin da ya rage shi ne a gwada maganin abin a ƙauyukanmu, kuma nan ne jami'o'i suka yi rawar gani. Tun 1963 Jami'ar Badun take tura ɗaliban likita Igbo-Ora, a ƙasar Ibarapa, su zauna da talakawa su ga inda suke ɗiban ruwa. Ni a ganina wannan ya fi karatun allo nesa ba kusa ba. A Jami'ar Ilori kuma, Farfesa Luke Edungbola da abokan aikinsa sun bi ƙauyukan Asa a Jihar Kwara, inda UNICEF ta haƙa rijiyoyin burtsatse. Rahotonsu na 1988 ya nuna cutar ta kusa ɓacewa a inda aka sami ruwa mai kyau.

Ƙidayar farko, ta 1988 zuwa 1989, ta sami masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Ba allura, ba ƙwaya. Tace ruwa da ƙyalle, rijiya, da hana mai ciwon shiga tafki, su ne makaman. Janar Yakubu Gowon da kansa ya yi ta yawon ƙauyuka a kan wannan aiki tare da Cibiyar Carter.

A 2008 aka ga mai cutar na ƙarshe, a Jihar Enugu, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da ita. Sai dai har yanzu ana samun ta a maƙwabciyarmu Chadi, galibi a jikin karnuka.