Zama da Maigida Mai Baƙon Hali: Daga Kasuwar Shinkafi Zuwa Ofisoshin Ƙaura

Ranar Alhamis, tun kafin kasuwar Shinkafi ta cika, akwai tambayar da yaran shago kan yi wa juna kafin ma su tambayi farashin gero ko wake: "Alhaji ya fito? Yaya fuskarshi?" Amsar da aka samu ita ke nuna yadda yinin zai kasance. Haka yaron mota ke karantar fuskar direba a tashar Ƙauran Namoda, haka masinja ke yi a ofis a Zurmi, haka kuma malaman firamare ke yi wa hedimasta a garuruwa irin su Ɗan Isa.

Halayen da ake fama da su iri-iri ne. Akwai maigidan da ba a buɗe masa shago sai ya zo da kansa ya yi bisimilla ya sa makulli, ko da masu saye sun yi cirko-cirko a ƙofa. Akwai wanda zai ƙirga cinikin yini sau uku, yana jera 'yan dubu-dubu fuskarsu na kallon gefe guda, yaro na tsaye yana jiran kuɗin abinci. Wani ba a yi masa maganar kuɗi sai ya sha shayi. Wani shugaban ofis ba ya kiran taro sai an fara haɗa jakunkuna za a tashi. Wani kuma zai ba da umarni da safe, da la'asar ya rantse bai taɓa faɗa ba.

Zama a ƙarƙashin wani ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Masanin al'umma M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya bayyana barantaka a matsayin ɗaya daga cikin ginshiƙan mulki da sana'a: bara yana hidima da biyayya, ubangida yana ciyarwa, yana tufatarwa, yana yi masa aure. Abner Cohen ma, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda fataucin shanu da goro ya ɗoru a kan amanar da ke tsakanin maigida da yaransa. Da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, cinikin gyaɗa da auduga ya kawo wani sabon nau'in maigida, mai akawu da sikeli da littafin albashi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin a 1983, da ƙirƙirar Jihar Zamfara a 1996, sun ƙara yawan masu aikin ofis. Yau a gida ɗaya za ka tarar da wa yana jiran maigidansa ya sallame shi da jari, ƙane kuma yana tsoron takardar neman bahasi daga oga.

Masu binciken halayyar ma'aikata sun gano cewa rashin tabbas ya fi tsananin maigida gajiyar da mutum. A wani nazari da Fadel Matta da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, wanda aka buga a 2017, an ba ɗalibai aiki ana auna bugun zuciyarsu, wani da ke matsayin shugaba yana aiko musu da saƙonni. Wasu kullum saƙon adalci da mutuntawa suke samu, wasu kullum na rashin adalci, wasu kuma yanzu daɗi anjima ɗaci. Waɗanda aka yi wa hawa da sauka su ne jikinsu ya fi nuna damuwa, har fiye da waɗanda aka ƙuntata wa tun daga farko har ƙarshe.

Wani gwaji da aka yi a Landan a 2016 ya ƙara fito da dalilin. An sa mutum 45 wasan kwamfuta na ɗaga duwatsu. Duk wanda ya tarar da maciji a ƙarƙashin dutse, sai a ɗana masa lantarki kaɗan a hannu. Gumi da buɗewar ƙwayar ido sun fi ƙaruwa a lokacin da mutum bai san ko za a ɗana masa ko ba za a ɗana ba, fiye da lokacin da ya tabbata zafin na tafe. Jiki kan shirya wa abin da ya sani, amma in bai sani ba sai ya zauna cikin shirin ko-ta-kwana yini guda. In aka ɗauki shekaru a haka, lafiya kan taɓu. Binciken Whitehall na biyu, wanda Michael Marmot ya fara a 1985 da ma'aikatan gwamnatin Birtaniya sama da 10,000, ya nuna cewa waɗanda ba su da ta cewa a kan yadda suke gudanar da aikinsu sun fi kamuwa da ciwon zuciya.

Wannan ya sa tsofaffin ma'aikata ba sa ɗaga hankalinsu a kan maigida mai ƙirga kuɗi sau uku. Hali zanen dutse ne, kuma abin da ke maimaita kansa ana iya yi masa shiri. Yaron shago mai lura zai jera kuɗin yadda Alhaji ke so tun kafin ya miƙa, ya rubuta jimilla a 'yar takarda ya ɗora a sama, sai ƙirgan ya zo da sauri, kowa ya tafi sallar magariba a kan lokaci. Wanda ya san ba a tunkarar maigida kafin shayi, sai ya ajiye buƙatarsa zuwa bayan azahar. Peter Drucker, masanin harkar shugabanci, ya lura cewa shugabanni kashi biyu ne: masu fahimta ta karatu da masu fahimta ta sauraro. Akawun da ya gane ogansa na sauraro ne, zai daina tara masa dogon rahoto, ya shiga ya yi bayani da baki, sannan ya miƙa takardar a sa hannu.

Maigida mai mantuwa ko mai sauya magana shi ya fi buƙatar dabara. Hanya mafi sauƙi ita ce maimaita umarni a gabansa cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, buhu goma ka ce a ba shi bashi zuwa kasuwa mai zuwa, ko?" Daga nan a shigar a littafi da kwanan wata, ko a tura masa gajeren saƙo ta waya. In gyara ya zama dole, a yi shi a keɓe, domin babba ba ya son a kunyata shi a gaban yara ko abokan ciniki. In abin ya fi ƙarfin yaro, sai ya bi ta hannun wanda maigida ke jin nauyinsa, ko amininsa, ko limamin unguwa, ko dattijon da ya kawo shi aikin tun farko.

Sai dai akwai iyakar da in an tsallake ta, magana ta tashi daga baƙon hali ta koma zalunci. Riƙe albashi, da zagin iyaye, da duka, da neman mace ma'aikaciya da lalata, ba abubuwan da za a ce a yi haƙuri da su ba ne. A arewacin Zamfara akwai ƙarin wani abu: maigidan da ya saba tura yaro karɓo bashi ko kai kaya da yamma liƙis a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, ko Zurmi zuwa Jibiya, yana wasa ne da ran ɗan mutane, domin kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mayar da waɗannan hanyoyi. Yaron da ya ce a bari sai gari ya waye bai yi rashin kunya ba.

Doka ma ta yi magana. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ta shafi masu aikin ƙarfi da ƙananan akawuna, ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da kama aiki. Ta hana a wuce wata guda ba a biya lada ba, ta hana yanke albashi da sunan tara bisa son rai, ta ba da hutun yini ɗaya a kowane mako da hutun aƙalla kwana shida na aiki bayan cika shekara. Wanda ya shekara biyar yana aiki ba a sallamarsa sai da sanarwar wata guda, ko a biya shi kuɗin watan. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙararrakin aiki, har da na cin zarafi, kuma a 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya wadda ta haramta tsangwama a wurin aiki. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, da aka kafa a 1975, tana karɓar ƙorafi kyauta, kuma tana da ofis a Gusau.

Gaskiya ne mafi yawan yaran shago da na mota a Ɗan Isa ko Zurmi ba su da takardar ɗaukar aiki, kuma kotu ta yi musu nisa. Waɗanda ke kusa da su su ne shugabannin kasuwa, da ƙungiyar direbobi ta NURTW a tasha, da ƙungiyoyin NUT da NULGE ga malamai da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Nauyi na kan waɗannan shugabanni su saurari yaro kamar yadda suke sauraron maigidansa.

Iyayen gida su ma suna da abin dubawa. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma, ya kuma ba da labarin cewa bai taɓa jin kalmar ƙosawa ko tuhuma daga gare shi ba. Ba kowa zai kai wannan matsayi ba, amma kowane maigida zai iya zaunar da sabon yaro a ranar farko ya faɗa masa abin da yake so da abin da ba ya so, lokacin buɗewa da na rufewa, nawa ne kuɗin abinci, da shekarar da za a sallame shi da jari. A yi wannan a gaban uban yaron da shaidu biyu daga cikin 'yan kasuwa, a rubuta da boko ko da ajami, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.