Ba Kullum Laifin Rezo Ba Ne

Duk wanda ya taɓa bin layi a wurin tura kuɗi a unguwar Zariya ta Maraɗi ana jajibirin Sallah ya san amsar da ake ba mutane idan aiki ya tsaya: babu rezo. Wani lokaci gaskiya ne. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har Nijar da ba ta da teku ta ji a jikinta. Amma sau da yawa rezon lafiyarsa lau. Wadda ta gaji ita ce saba, wato kwamfutar da ke can Yamai ko Faransa tana amsa buƙatun dubban wayoyi lokaci guda. Kamfanonin tura kuɗi irin su NITA, Amana da Al Izza, da shafin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, duk da irin wannan na'ura suke aiki.

Saba ba ta cika faɗuwa kwatsam ba. Sai ta yi ta nishi tukuna. Domin jin nishin nan aka ƙirƙiri manhajojin sa ido: Nagios da ta fara a 1999 da sunan NetSaint, Zabbix da ta fito daga Latbiya a 2001, Prometheus da aka soma a kamfanin SoundCloud a 2012, sai Grafana mai mayar da lambobi zane. Duka huɗun ana samunsu kyauta, saboda haka rashin kuɗi ba hujja ba ce. Injiniyoyin Google, a littafinsu na 2016 kan kula da shafuka, sun taƙaita abin dubawa a huɗu: tsawon jira, yawan buƙatu, yawan kurakurai, da cikar na'ura.

A ganina tsawon jira ne uban sauran. Ɗauki Apache Tomcat, wadda shafuka da yawa da aka rubuta da Java ke gudana a kanta. Idan ba a canza mata tsari ba, buƙatu 200 take iya riƙewa a lokaci guda, kamar ofis mai ma'aikata 200, kowa da mutum ɗaya a gabansa. In kowace buƙata na cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, za a sallami 2,000 a daƙiƙa guda. To, bari rumbun bayanai ya yi nauyi, kowace amsa ta koma daƙiƙa 5: mutum 40 kacal za a sallama a daƙiƙa guda, sauran su yi cincirindo a bakin ƙofa har a fara mayar da su da kuskure. Abin takaicin, mai duba ƙwaƙwalwar sarrafawa kaɗai zai ga tana hutawa ya ce komai daidai, alhali ma'aikatan nan duk sun yi jugum suna jiran rumbu. Tomcat kuwa ba ta ɓoye halinta. Ta wata kafa da ake kira JMX tana faɗin nawa ke kan aiki, nawa suka rage, da yadda ma'adanar wucin gadi ke cika. Zabbix da Prometheus na iya karanta wannan dare da rana, in an haɗa su.

Akwai kuma yaudarar matsakaicin lissafi. A ce mutum 100 sun shiga shafi, 95 sun samu amsa cikin daƙiƙa 1, biyar sun jira daƙiƙa 21. Matsakaici zai ce daƙiƙa 2, shugaba ya karanta rahoto ya yi murmushi. Biyar ɗin nan fa? Ba mamaki a cikinsu akwai mai noman zogale a Jiratawa da ke jiran kuɗinsa, ko ɗaliba a Tibiri da ke ƙoƙarin yin rajista kafin a rufe. Ita ba za ta rubuta wa kowa ƙorafi ba; za ta hau babur ta zo Maraɗi da kuɗin aljihunta. Shi ya sa ƙwararru ke auna jiran kashi 5 ko kashi 1 cikin ɗari da suka fi kowa daɗewa.

Mu a nan muna da namu ƙarin. Wutar Maraɗi ta layin Katsina take zuwa, kuma kowa ya tuna duhun da aka sha da Najeriya ta yanke ta a Agustan 2023. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura. Wanda ya ajiye saba a ofishinsa dole ya riƙa auna zafin ɗakin da ƙarfin batir, ba manhaja kaɗai ba. Kuma kada ya ɗora mai gadin, wato manhajar sa ido, a kan na'urar da ake gadi, domin in wuta ta ɗauke tare za su yi shiru. A samu wata kwamfuta a wani gari, kan wani layi, tana ƙwanƙwasa shafin kowane minti kamar yadda abokin ciniki zai yi.

Saura batun ƙararrawa. Wasu kan saita ta ta yi kuka kan kowane ƙaramin motsi, saƙo ya yi ta shigowa wayar injiniya har ya kashe mata sauti, ranar da abin gaske ya zo yana barci. Abin da ya cancanci tada mutum ƙarfe biyun dare shi ne wanda ya taɓa jama'a: kuɗi ba sa tafiya, shafi ba ya buɗewa, ko faifan ajiya zai cika kafin asuba. Sauran a rubuta su a duba da safe, a kuma adana lambobin shekara guda, don a san nauyin da Sallar bara ta ɗora kafin ta bana ta iso.