Daga Harshen Kyanwa Zuwa Wutsiyar Yauni

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mahauta da sassafe, sa'ad da ake feɗe sa ana ware kayan ciki, ko kuwa ya zauna a bakin gulbi yana kallon masunta suna juye koma suna tsince rabonsu, to ya riga ya leƙa babi na farko na wani ilmi da malaman Larabawa suka kira tashrihi, watau binciken gaɓoɓin mai rai da yadda aka harhaɗa su, ko da shi bai san karatu yake yi ba. Sai dai ido yakan saba da abin da yake gani kullum har ya daina ganinsa. Mahauci ya san sa ba shi da haƙoran gaba a muƙamuƙinsa na sama, sai wani dasashi mai tauri wanda yake danne ciyawa a kansa ya fizge. Ya kuma san cikinsa ɗaki huɗu ne, ɗaya mai tsiro-tsiro kamar tawul, ɗaya kamar saƙar zuma, ɗaya mai shafi-shafi kamar littafi, na huɗun kuwa sumul. Amma da wuya ka ji ya yi al'ajabi, domin a wurinsa duk wannan haja ce ta sayarwa kafin rana ta yi zafi.

Magabata sun yi iyakar ƙoƙarinsu da idon da Allah ya ba su. Jahizu, malamin Basra wanda ya rasu wajen shekara ta 255 bayan Hijira, ya wallafa Kitabul Hayawan, bayansa da ƙarnuka Damiri na Masar ya tattara Hayatul Hayawan, kuma dukansu biyu sun haɗa abin da suka gani da abin da matafiya suka ba su labari, sahihi da mai rauni. Abin da suka rasa shi ne madubin nan mai ƙara girman abu, wanda da shi ne Robert Hooke na Ingila ya zana ɓawon kifi a littafinsa na 1665, kuma da irinsa ne Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na Holand, ya ga jini yana gudana cikin jijiyoyin da suka fi gashi siranta a wutsiyar ƙaramin kifi mai rai.

Mu fara da na cikin gida. Kowa ya san kaushin harshen kyanwa in ta lashi hannunsa, amma in aka sa shi ƙarƙashin madubi sai a ga gona ce ta ƙayoyi, wajen 300, kowace ta lanƙwasa ta fuskanci maƙogwaro, kuma asalin abin da aka yi su da shi ɗaya ne da na farce da ƙaho. An daɗe ana zaton ƙayoyin nan a cike suke, har sai a 2018 da wasu masana a jihar Jojiya ta Amurka suka nuna cewa bakin kowace ƙaya a fafe yake, tamkar bakin alƙalamin kara da almajiri ya fiƙe, kuma kamar yadda alƙalami ke ɗaukar tawada daga kurtu ya sauke ta a kan allo, haka ƙayar ke ɗaukar miyau daga baki ta kai shi har gindin gashi, inda yake wanke fata ya kuma sanyaya ta. Wannan matajin dai shi ne a bakin zaki, da shi yake kankare nama daga ƙashi.

Sha'anin wuya ya fi wannan ban mamaki a ganina. In aka tambayi yaro wa ya fi yawan ƙasusuwan wuya tsakanin ɓera da raƙumin dawa, babu shakka zai yi dariya, alhali kuwa lissafinsu ɗaya ne, bakwai bakwai, daidai da na ɗan Adam. Bambancin kawai shi ne kowane ƙashi guda na raƙumin dawa yakan kai santimita 25, ya ɗara taƙi. To amma dogon wuya yana da haraji, kuma zuciya ce ke biyansa, domin sai ta tura jini sama wajen mita biyu kafin ya isa ƙwaƙwalwa, saboda haka ƙarfin bugun jininsa ya kusa ninka namu, irin wanda in a jikin mutum aka auna shi sai a kwantar da shi asibiti nan take. Don kada jinin nan ya taru a ƙafafu su kumbura, fatar ƙwaurinsa mai kauri ce, a matse tam kamar an naɗe ta da bandeji. Don kada kuma ya kwararo masa ka sa'ad da ya sunkuya shan ruwa, manyan jijiyoyin wuyansa suna da 'yan ƙyamare a ciki masu hana jini komowa baya. Wanda ke son ganin wannan da idonsa ba sai ya haye teku ba. A yankin Kure, tafiyar kilomita kamar 60 daga Yamai, akwai ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma, waɗanda a 1996 suka ragu har suka kasa cika 50, yanzu kuwa sun haura 600, suna yawo a gefen gonakin gero suna zare ganyen gawo daga tsakanin ƙaya da wani baƙin harshe mai tsawon kusan kamu guda.

Cikin dubban dabbobi masu shayarwa kaɗan ne ƙwarai suka saɓa wa ƙa'idar nan ta bakwai, kuma ɗaya daga cikinsu maƙwabcinmu ne, watau ayu na kogin Kwara da Binuwai, wanda ke da shida. Shi ya sa ba ya iya waiwaye, sai dai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Haƙarƙarinsa a cure yake, mai nauyi, babu rami babu ɓargo, yana riƙe shi a ƙasan ruwa kamar yadda dalma ke nutsar da bakin birgi. Turamen haƙoransa kuwa tafiya suke yi: sabo ya tsiro a can ƙurya, ya riƙa matsowa gaba sannu a hankali, in ya iso bakin layi yashi da ciyawa sun cinye shi sai ya faɗi, na bayansa ya gaje shi, haka har ƙarshen rayuwa. Tamatar tana da nono a hammata, a ƙarshen hannunsa akwai farata, kuma masana sun ce giwa ce danginsa na kusa. Ina jin waɗannan siffofi ne suka jawo masa tatsuniyoyi da camfe-camfe, su kuma suka jawo masa mashi, har ya yi ƙaranci a wuraren da dattawa suka san shi da yawa.

Raƙumin gida ba sai an tsawaita ba. Tozonsa kitse ne, ba ma'ajiyar ruwa ba ne, sirrin jure ƙishirwarsa yana cikin jini: ƙwayoyin jininmu zagayayyu ne kamar faifai, nasa kuwa dogaye kamar ƙwallon dabino, suna iya ratsa ƙananan jijiyoyi ko da ƙishirwa ta sa jini ya yi kauri, in kuma ya sami rijiya ya kwankwaɗi lita 100 a tsayuwa ɗaya sai su kumbura fiye da ninki biyu ba tare da sun fashe ba.

Amma in ana zancen halittar da ta saɓa wa zato, to ruwa ne gidanta, kuma ban san wadda ta kai gaiwa ba. Ga kifi mai huhu, har guda biyu, wanda in aka tsare shi a ƙasan ruwa aka hana shi leƙowa ya shaƙi iska sai ya mutu, mutuwa irin ta wanda ruwa ya ci. A inda sauran kifaye ke da fiffike ita wasu zaruruwa huɗu gare ta kamar igiya, tana dogara su a kan taɓo tana jan jiki; a bakinta kuma maimakon jerin haƙora akwai faranti masu gefe-gefe da take murƙushe katantanwa da su. Idan kaka ta wuce fadama ta soma ƙafewa, sa'ad da karfasa ke ta ɓalli-ɓalli a ɗan ruwan da ya rage tana jiran shamuwa ko masunci, sai gaiwa ta nutsa cikin laka, tana ciza da baki tana fitarwa ta matsatstsaku, har ta yi wa kanta rami, ta naɗe jiki wutsiya a kan fuska. Daga nan fatarta ta yi ta fid da yauƙi, yauƙin ya bushe ya zama wani likkafani mai kama da takarda wanda ya rufe ta duka ban da wata 'yar kafa daidai baki, ta nan iska ke sauko mata daga bakin ramin. Bugun zuciyarta ya ragu, numfashi ya yi nisa da juna, fitsari ya tsaya, dattin da da ruwa ne ke wanke mata shi sai jikinta ya sauya shi zuwa wani nau'i mara tsananin guba ta adana shi. Abincinta kuwa tsokar jikinta ce, musamman ta wajen wutsiya, saboda haka zancen mutanenmu cewa gaiwa jikinta take ci ba kinaya ba ce, haƙiƙa ce da awon masana ya tabbatar. A haka take cinye rani, manomi na iya bi ta kanta da fartanya bai sani ba, kuma an ajiye wasu a ɗakin bincike cikin busasshen hoge fiye da shekara uku, da aka zuba ruwa suka farka. Lokacin da Richard Owen ya siffanta ta a 1839, daga samfurin da aka kai Ingila daga kogin Gambiya, malaman Turai sun yi ta saɓani shekaru, wasu su ce kifi ce wasu su ce dangin kwaɗo ce, mas'alar da yaran fadama masu haƙo ta da rani ba su taɓa damuwa da ita ba.

Tarwaɗa ma tana da tata dabarar, ko da yake ba ta kai ta gaiwa ba: in ka buɗe kanta ta bayan matsatstsaku za ka ga wani jan nama mai rassa kamar ƙaramar bishiya, da shi take shaƙar iska, shi ya sa take daɗewa a kwano ba ta mutu ba, kuma takan ja ciki cikin dare daga kududdufi zuwa wani. Ɗanɗanonta bai tsaya a baki ba, yana warwatse a gashin bakinta da fatar jikinta, har ana iya cewa harshe ce sukutum mai iyo. Kurungu kuwa, wanda ke kulle ƙayoyinsa su ƙi lanƙwasuwa a maƙogwaron mai haɗiye shi, kukan da yake yi a hannun masunci gogar gindin ƙayar ce a cikin gurbinta. Wasu irinsa a rigingine suke iyo, saboda haka launinsu ma ya juye, ciki ya fi baya duhu, kuma masu zanen Masar ta dā sun sassaƙa shi haka a bangon kaburbura.

Sai minjirya, wadda duk masuncin da ya taɓa lalubo ta a rami ba ya bukatar a yi masa sharhi. Larabawan Masar suna ce mata ra'ad, sunan da suke kiran tsawa da shi, kuma Abdullaɗif na Bagadaza, likitan da ya zauna a Masar wajen shekara ta 1200, ya ba da labarin yadda take kashe hannun wanda ya taɓa ta. Tsakanin fatarta da tsokarta akwai wani abu mai kama da kitse wanda ya lulluɓe jikin kamar taguwa, a cikinsa akwai miliyoyin 'yan faya-fayai jere, kowane yana ba da ɗan ƙarfin lantarki da bai taka kara ya karya ba, amma in suka saki a lokaci guda sai ya kai volt 350 a jikin babba, alhali wutar da ke cikin wayoyin gidajenmu 230 ce. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dukan rundunar nan ƙwayoyin jijiya biyu rak ke ba ta umurni, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace ta yi rassa har ta isa ga kowane faifai na ɓangarenta. Wanda ya bi diddigin wannan gaɓa ya wallafa bayaninta a 1857 shi ne Theodor Bilharz, likita Bajamushe da ke aiki a Alƙahira, shi ne kuma ya gano tsutsar da ke haddasa tsargiya, har Turawa suka sa wa cutar sunansa.

Yauni shi ma yana da lantarki, amma nasa ba ya ko motsa yatsa, don haka aka daɗe ba a san amfaninsa ba. Hans Lissmann na jami'ar Kambirij ya lura cewa kifin nan ba ya karkaɗa jiki in yana iyo, a miƙe yake kamar sanda, dogon fiffiken bayansa kaɗai ke kaɗawa, kuma yakan yi baya-baya ya shige rami da wutsiya ba tare da ya goga gefe ba, ga shi kuwa idanunsa 'yan ƙanana ne, ruwan da yake zaune a ciki kuma gurɓatacce. Da ya tsoma waya cikin ruwan sai ya ji wutsiyar tana sakin bugu kusan 300 a kowace daƙiƙa, dare da rana ba hutu, ya bayyana haka a 1951. Bugun nan yana kewaye kifin kamar gidan sauro, fatar kansa kuma cike take da ƙananan ramuka masu jin duk abin da ya taɓa wannan kewaye, dutse ne, ko ciyawa, ko ɗan kifi. Dalilin miƙewarsa ke nan, don in ya lanƙwasa sai ma'aunin ya rikice. Domin ya kafa hujja, Lissmann da abokin aikinsa Machin suka riƙa tsoma masa tukwanen yumɓu biyu masu kama ɗaya, waɗanda ruwa ke ratsawa amma ido ba ya ratsawa, ɗaya ruwa zalla a ciki, ɗaya an ɓoye sandar gilashi, suna ɗaura abinci a bayan ɗaya daga ciki. Ba a daɗe ba yauni ya koyi zuwa wurin tukunyar da ta dace, ya ƙyale ɗayar, ko da kaurin gilashin da ke ciki bai wuce milimita biyu ba.