Wuraren Shaƙatawa na Kyauta a Kafanchan da Kewaye: Abin da Ya Kamata Baƙo Ya Sani

Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jama'a a kudancin jihar Kaduna, tana cikin yankin da Allah ya albarkata da duwatsu da rafuka da dazuzzuka. Ruwan sama yakan fara tun watan Afrilu ya kai Oktoba, shi ya sa ƙasar ke zama kore shar lokacin da can arewa ake jiran saukar damina. Yawancin abubuwan kallo na yankin babu ƙofa, babu mai yankan tikiti. Sai dai wurin da ba a biya, galibi babu mai gadi, babu shinge a bakin rami, babu ma'aikacin ceto a bakin ruwa. Saboda haka nauyin tsare rai da lafiya yana wuyan mai ziyara.

Wurin da ya fi jan baƙi shi ne mafaɗar ruwa ta Matsirga, a yankin Madakiya, ƴan kilomitoci kaɗan daga cikin gari. Mutanen Kafanchan sun fi saninta da suna River Wonderful. Ruwan yana gangarowa ne daga duwatsun Kagoro, ya zo bakin wani dutse mai tsayin mita 25 zuwa 30, ya rabu gida huɗu ya faɗa cikin kwazazzabo. Ana jin rugugin tun daga nesa, kuma idan rana ta haska feshin da ke tashi daga ƙasa, sai bakan gizo ya bayyana a cikinsa. Ɗalibai da iyalai kan je can yini, musamman a hutun Kirsimeti da Ista da Sallah, su shimfiɗa tabarma, su ci abinci, su ɗauki hoto.

Haɗarin wurin yana tare da kyawunsa. Duwatsun da feshi ke jiƙawa dare da rana sun yi gansakuka, santsinsu kamar an zuba miyar kuɓewa, don haka takalmin silifa ko mai tsini ba na can ba ne. Tafkin da ke gindin mafaɗar yana da zurfi, ruwan da ke faɗowa kuma yana juyawa a ƙarƙashi, yana iya riƙe ko da gwanin iyo. Abu na uku, wanda baƙi ba su cika sani ba, shi ne ambaliyar ba-zata: ana iya tafka ruwa a kan duwatsun Kagoro alhali rana na ƙwallewa a Matsirga, cikin ɗan lokaci rafin ya cika ya batse. Alamarta ita ce ruwan ya rikiɗe ya yi ja, ya fara kawo ganye da itace, ƙararsa ta ƙaru. Wanda ya ga haka, ya haye tudu nan take, ya bar kaya. Watannin Agusta da Satumba ne ruwan ya fi ƙarfi da ban sha'awa, su ne kuma suka fi haɗari. Idan wani ya faɗa, wanda bai ƙware ba kada ya bi shi. A miƙa masa sanda ko igiya, ko a jefa masa jarkar da ba komai a ciki, a yi ihun neman taimako. Yara kuma ba a sakin hannunsu a bakin ruwa, sannan ja da baya don neman hoto mai kyau a gefen dutse ganganci ne.

Akwai wata cuta da ke laɓe a kududdufai da rafukan da ba sa gudu sosai, wato tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa, ta shiga fatar mai wanka ba tare da ya ji ba, bayan makonni ya fara fitsarin jini ko ciwon ciki. Ana warkewa da maganin Praziquantel, amma sai an je asibiti an yi gwaji. Ruwan rafi komai garai-garai ɗinsa ba na sha ba ne sai an tafasa. Gara a taho da ruwan sha daga gida.

Duwatsun Kagoro, a ƙaramar hukumar Kaura, sun haura mita 1,200 daga doron teku, kuma su ne gefen tudun Jos ta yamma. A kansu ne kakannin mutanen Kagoro suka zauna a zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi, har yanzu akwai kogunan dutse da kufai da ƴan ƙauyuka a can sama. Hawan yakan ci sa'o'i, don haka da sassafe ake kama hanya, a sauko kafin la'asar ta yi sanyi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne hanya ta fi bushewa, ko da yake hazon hunturu kan rage nisan gani. Baƙo ko da idonsa makaho ne: al'ada ita ce a fara gaisawa da mai unguwa ko dagaci, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a ba shi ɗan hasafi. Wasu kogunan da kurmi wurare ne masu alfarma ga mutanen gari, ba a shiga ko ɗaukar hoto sai da izini. A sa takalmi rufaffe da dogon wando saboda kasa da gamsheƙa, kada a cusa hannu cikin tsagar dutse. Wanda maciji ya sara, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti, kamar babban asibitin Kafanchan. Da rani, guntun taba ɗaya ya isa ya tayar da gobarar daji ta cinye gonaki. Haka ma dajin Nindam da ke kusa, wanda masana tsuntsaye ke ji da shi, wurin kallo ne, ba na harbi ko saran itace ba.

Bukukuwan al'ada ma kallo ne na kyauta. Ranar 1 ga Janairu ta kowace shekara ake bikin Afan a Kagoro, inda maharba da maroƙa da ƴan rawa ke wucewa a gaban Sarkin Kagoro cikin shigar gargajiya, ana busa ƙaho ana kiɗa. A Kwoi, hedikwatar ƙaramar hukumar Jaba, al'ummar Ham kan yi bikin Tuk Ham a lokacin Ista. Taron jama'a kuwa kasuwar ƴan sane ce: waya da kuɗi a aljihun gaba, yaro a rubuta masa lambar wayar iyayensa a takarda, a kuma tsayar da wurin haɗuwa idan aka rabu. Hanyoyi kan cunkushe a ranakun, kuma tuƙin maye kan yawaita da yamma, don haka barin wuri da wuri ya fi.

Mai son tarihi zai fara da tashar jirgin ƙasa, wadda ita ce ta raya garin. A shekarar 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi zuwa Kaduna da reshen da ya nufi Jos. Jirgin ne ya tara Hausawa da Ibo da Yarbawa da sauran ƙabilu a kan ƙasar mutanen Fantswam. Tsofaffin gine-gine da gidajen ma'aikata suna nan, amma dukiyar Hukumar Jiragen Ƙasa ce; a nemi izini kafin a shiga, kuma cire ƙarfe ko ƙusa daga layin dogo laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

Ƙauyen Nok da ke ƙasar Jaba shi ya ba wa ɗaya daga cikin tsofaffin wayewar Afirka suna. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin gasasshen yumɓu a can. A 1943 aka kai wa Baturen nan Bernard Fagg wani kai na yumɓu da aka samu a ƙasar Jama'a, wanda wani ma'aikacin haƙar ma'adinai ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye. Fagg ya lura da kamanninsu, daga nan binciken ya kankama. Masana sun nuna cewa wannan al'umma ta faro kimanin shekara 1500 kafin Miladiyya, daga baya ta ƙware a narkar da ƙarfe. Gargaɗi a nan shi ne, dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta haramta cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba da izini ba. Wanda aka yi wa tayin "kan Nok" a ɓoye, ɗayan biyu ne: ko jabu ne a damfare shi, ko na gaske ne ya shiga hannun hukuma. Wanda ya tsinci irinsa a gona, ya sanar da dagaci ko ma'aikatan gidan tarihi.

Batun tsaro ba a ɓoye shi. Kudancin Kaduna ya sha fama da rikice-rikice da hare-hare da satar mutane, har gwamnati kan sa dokar hana fita a wasu ƙananan hukumomi. Kafin a tashi, a tuntuɓi wani mazaunin garin game da halin da hanya ke ciki a wannan makon. A yi tafiya cikin ayari, da rana, a sanar da na gida inda aka nufa da lokacin dawowa, a cika waya da caji, domin sabis kan ɗauke a cikin kwazazzabo. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuwa 122. Yankin na Kirista da Musulmi ne da ƙabilu masu yawa, don haka baƙo ya kama bakinsa daga gardamar addini da siyasa, ya mutunta shigar mutane da wuraren ibadarsu, ya guji ratsa gonar citta ko masara ko tsinkar ƴaƴan itace ba da izini ba. Ledar ruwa da robobi da kwalabe kuma a tattara a tafi da su, domin rafin da baƙo ya yi wasa a bakinsa, shi mutanen ƙauyukan ƙasa ke ɗiba su yi wanki su shayar da dabbobi.