Rajistar Koyarwar Ikilisiya: Shafi Biyar da Za Su Taimaki Malaman Lahadi

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai tambayar da yaranmu na Rano da Kibiya kan komo da ita gida daga makaranta ko kasuwa: wai gaskiya ne a taron Nikiya, a shekara ta 325, aka ƙago koyarwar Allah Uku Cikin Ɗaya? Masu bi da yawa a nan 'ya'yan Maguzawa ne da suka karɓi bishara ba da jimawa ba. In malamin Lahadi ya yi shiru, yaro yakan ɗauka ba amsa.

Shawararmu ita ce kowace ikilisiya ta buɗe littafi irin rajistar baftisma, ta raba shi shafi biyar: koyarwa, ayoyinta, gardamar da ta taso, taron da ya yanke magana, da ikilisiyoyin da suka amince. Ko a kwamfuta ne, tsarin ke nan.

Ga misali. A shafin ayoyi mu sa Matiyu 28:19 da Yohanna 1:1. A shafin gardama mu sa Ariyus na Iskandariya, wanda ya koyar cewa Ɗan halitta ne. A shafin taro mu sa Nikiya, 325, da Kustantiniya, 381, inda aka ƙara bayani kan Ruhu Mai Tsarki. Mu kuma rubuta Tatuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, wanda ya yi amfani da kalmar Triniti fiye da shekara 100 kafin Nikiya. Nan take yaro zai ga cewa ranar taro daban, mafarin koyarwa daban.

Shafi na biyar yana koya mana faɗin gaskiya. Taron Kalsidon na 451 ya ce Almasihu mutum ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, ta Allahntaka da ta mutuntaka, amma Kibɗawan Masar da ikilisiyar Habasha ba su karɓi kalmominsa ba. Kada mu ɓoye wannan.

Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, saboda haka shafin ayoyi ba zai gagare mu ba. Bitrus ya umarce mu mu zauna da shirin ba da amsa cikin tawali'u (1 Bitrus 3:15). Fastoci da dattawa, littafin rubutu ɗaya da biro sun isa a fara ran Lahadi mai zuwa.