Cedar Rapids: Garin Masara, Masallaci da Ɗakin Mai Zane

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu tsallake teku zuwa Amurka, amma ba New York za mu ba, ba kuma Washington ba. Za mu kutsa can tsakiyar ƙasar, jihar Iowa, inda mutum zai yi tafiyar awa biyu a mota bai ga komai ba sai gonakin masara da waken suya, hagu da dama. A tsakiyar gonakin nan akwai wani gari mai suna Cedar Rapids, wanda mutanensa ba su kai dubu 140 ba. A ma'aunin Kano, ai unguwa ce babba.

Baƙo kan ji garin da hanci kafin ya gan shi da ido. A bakin kogin Cedar, wanda ya raba garin biyu, akwai katafaren kamfanin Quaker Oats mai sarrafa hatsi, kuma idan iska ta kaɗo, ƙamshin gasasshen hatsi yakan cika tituna. Garin manoma ne da ma'aikatan masana'anta. Shi ya sa abin da yake ɓoye a cikinsa yake ba da mamaki.

Bari mu fara da wurin da na fi so in kai ku. A wata unguwar masu ƙaramin ƙarfi da ke arewa maso yammacin kogin, tsakanin gidajen katako, akwai wani farin gini ɗan ƙarami. Da ba don koriyar ƙubba da jinjirin wata da ke samansa ba, sai ka ɗauka makarantar ƙauye ce irin ta da. Wannan shi ne masallacin da ake wa laƙabi da Uwar Masallatan Amurka. An kammala shi a watan Fabrairun 1934, kuma a duk masallatan da aka gina da niyyar masallaci tun daga tushe a ƙasar, shi ne mafi daɗewa da yake tsaye har yau. An riga shi gina wani a ƙauyen Ross na jihar Dakota ta Arewa a 1929, amma wancan an rushe shi daga baya.

Su wane ne suka gina shi? 'Yan koli ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 mutanen Sham, daga yankin da yau ake kira Siriya da Labanan, suka riƙa zuwa Iowa. Da yawansu sun fara ne da ɗaukar kaya a baya, allura da zare da yadi da madubi, suna bin gonaki gida-gida a ƙafa, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a kofi. Wanda ya tara ɗan jari sai ya sayi keken doki, daga nan ya buɗe kanti, ya aika gida a turo masa ƙane ko amarya. Duk Bahaushen da kakansa ya yi fatauci zuwa Gwanja ya kafa zango ya san wannan labari, domin nasa ne, sunayen garuruwa kawai aka sauya. Ku kuma lura da shekarar: 1934 tsakiyar mummunan karayar tattalin arzikin Amurka ce, lokacin da bankuna ke rufewa, manoma na rasa gonaki. A wannan hali suka haɗa taro da sisi suka ɗora ginin.

Ciki babu wani ƙawa. Ka hau 'yan matakala, ka cire takalmi, ga ɗakin salla da darduma da mumbari. A ƙasa akwai zauren da suke taruwa don biki da karatun yara, yanzu an jera tsofaffin hotuna a bango. Da jama'a ta yawaita, aka gina babbar cibiyar Musulunci a 1971, aka sayar da tsohon ginin, ya yi ta sauya hannu har ya lalace. A 1990 Musulmin jihar suka sake sayensa suka gyara, a 1996 kuma aka sa shi cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa. A garin nan dai aka keɓe maƙabartar Musulmi tun 1948, ɗaya daga cikin na farko a Amurka.

(Kiɗa kaɗan)

Mu tsallaka kogi. Akwai wani zane da kusan kowane Ba'amurke ya sani, ko da bai taɓa taka gidan adana zane-zane ba: wani dattijo mai tabarau, fuska a murtuke, riƙe da cokalin kwasar ciyawa mai haƙori uku, a gefensa mace ta kau da ido, bayansu farin gidan katako mai doguwar taga. Sunan zanen American Gothic, mai shi kuma Grant Wood, wanda aka haifa a 1891 kusa da Anamosa, ya tashi a Cedar Rapids. A 1930 ya zana shi. Macen ƙanwarsa ce, Nan. Dattijon kuwa likitan haƙorinsa ne, Byron McKeeby, wanda ba manomi ba ne ko kaɗan. Zanen ya ci lambar tagulla da dala 300 a gasar Chicago, kuma yana can har yanzu. Amma ɗakin da aka zana shi yana nan Cedar Rapids, ana shiga.

Ɗakin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Asalinsa rumbun ciyawar dawaki ne, a saman wurin ajiye keken doki, a bayan gidan wani mai sana'ar shirya jana'iza, David Turner, wanda ya ba Wood wurin kyauta. Daga 1924 zuwa 1935 ya zauna a nan, tare da mahaifiyarsa, wani lokaci har da ƙanwarsa. Wurin ƙunci ne, rufin ya rusuno ta gefe-gefe, dogon mutum sai ya sunkuya. Wood kafinta ne kuma maƙeri kafin ya yi suna a zane, sai ya yi wa ɗakin dabara: gadaje na shigewa ƙarƙashin rufi da rana, a jawo su da dare, akwatunan ajiya a jikin bango. Ƙofar shiga kuwa da murfin akwatin gawa ya yi ta, ya sa mata wata 'yar allura kamar ta agogo da ke nuna wa baƙo ko maigidan yana ciki, ko ya fita, ko yana wanka.

Abin da ya sa nake ganin girman mutumin nan shi ne ya je Faransa har sau uku yana koyon zane irin na Turawa, ya dawo ya gane cewa abin zanawa yana ƙofar gidansu. Ya koma zana tuddan Iowa, kunyoyin masara da fuskokin maƙwabta. A gidan adana zane-zane na garin, wanda ya fi ko'ina a duniya tara ayyukansa, akwai hoton mahaifiyarsa na 1929, tana riƙe da tukunyar shuka. Ku dubi hannayenta. Hannun macen da ta yi wanki da girki shekara da shekaru ne, bai ɓoye jijiya ko ɗaya ba.

A tsibirin da ke tsakiyar kogin akwai ginin tunawa da tsofaffin sojoji, da wata tagar gilashi mai launi da Wood ya tsara, tsawonta ƙafa 24. A birnin Munich na Jamus aka yi ta a 1928, shekara goma kacal bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, abin da ya fusata wasu mutanen gari. Ba a yi bikin buɗe ta ba sai 1955, shekara 13 bayan rasuwarsa.

Ba a maganar garin nan a tsallake ambaliya. Ranar 13 ga Yunin 2008 kogin Cedar ya kai ƙafa 31, ya shanye unguwanni. Ruwa ya cika zauren ƙasa na Uwar Masallatai, ya lalata littattafai da takardun tarihi. Ya shiga gidan tarihin baƙaƙen fatar Iowa, ya shiga gidan wasan kwaikwayo na Paramount da aka gina a 1928. Dukansu an gyara, suna aiki.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na gidan tarihin mutanen Cek da Sulobak ne, jikokin waɗanda suka zo aiki a mayankar garin, suka bar masa unguwa guda da wani burodi mai zaƙi a tsakiya da suke kira kolace. A 1995 shugabannin ƙasa uku suka buɗe ginin: Bill Clinton, Václav Havel da Michal Kováč. Ambaliya ta cika shi da laka, ma'aikata da masu taimako suka yi ta wanke rigunan gargajiya masu ado ɗaya bayan ɗaya. Sannan aka yanke shawarar ba za a rushe ginin ba. A 2011 aka ɗaga shi ɗungurungum, nauyin tan 1,500, aka ɗora bisa tayoyi, aka matsar da shi tazarar ƙafa 480, aka ɗora shi kan sabon tushe mai tudu. Jama'a suka yi cincirindo suna kallon gini yana tafiya a hankali kamar hawainiya. A Yulin 2012 aka sake buɗe ƙofarsa.

Mai niyyar zuwa, tafiyar kamar awa huɗu ce a mota daga Chicago. Ya zo tsakanin Mayu da Oktoba, kafin sanyi ya kama. Masallacin ba kullum yake buɗe ba, sai an sanar da masu kula da shi tukuna, ɗakin Wood ma yana da ranakunsa.  

(Kiɗan rufe shiri)