Wa Ya Kore Damina?

Daga 1968 zuwa 1973 sama ta ƙi, ta sake ƙi a 1984. Gero ya bushe a tsaye, shanu suka zube, Tafkin Cadi ya ja da baya har masunta suka koma shuka a inda suke jefa taru. Wa ya kore damina?

Talaka aka fara tuhuma. A 1975 Jule Charney, masanin yanayi a Amurka, ya ce kiwo ya cinye ciyawa, ƙasa ta yi fayau tana mayar da hasken rana sama, iska ta daina tashi ta haɗa hadari. Bayanin ya shiga kunnen manya, laifi kuwa tudu ne. Makiyayi da mai saran itace suka sha zargi shekara da shekaru.

Amma zancen yana da gargada. Fari ya kama daga Sanagal har Sudan a lokaci guda; shanun wa za su yi wannan aika-aika? Hotunan tauraron ɗan'adam ma sun nuna bakin hamada yana matsowa yana komawa, gwargwadon ruwan shekara.

A 1986 masana a Birtaniya suka bar tudu suka leƙa teku. A shekarun fari, tekunan kudu sun ƙara ɗumi, na arewa sun yi sanyi-sanyi. Shi kuwa hadari ɗumi yake bi.

Hujja mai ƙarfi ta fito a 2003. Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ɗura wa kwamfuta zafin teku na 1930 zuwa 2000, ba su ce mata uffan kan kiwo ba. Sai ga shi ta fitar da damunan albarka na shekarun 1950, da farin da ya biyo baya.

To me ya sanyaya tekun arewa? Teku yana da nasa juyin, amma an kama wani da hannu a ciki: hayaƙin kwal na masana'antun Turai da Amurka, mai ɗauke da farar wuta, wanda ya tare hasken rana, hadari ya zame kudu. Da ƙasashen suka kafa dokokin tsabtace iska don huhun mutanensu, hayaƙin ya ragu. Tun shekarun 1990 damina take dawowa, ko da yake da sabon hali: ta yi jinkiri, ta zo da ambaliya.